Hasken Ranar da ke Kan Rufi, Na Wa Ne?



Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo wata magana ce da aka kawo mini a ƙofar masallaci bayan sallar isha'i. Har yanzu ba ta bar ni na huta ba, shi ya sa na ga gara in baje ta a gabanku mu duba tare. Ba zan kama sunan kowa ba, don ba tonon silili na zo yi ba.

Mutum biyu ne, maƙwabtan juna, katanga ɗaya ta raba su. Ɗaya tela ne, mai iyali. Ya yi adashi ya haɗa da kuɗin ragon da ya sayar, ya kafa allon sola guda huɗu a kan rufin ɗakinsa. Da su kekensa ke aiki, da su kuma firjin maiɗakinsa ke ƙanƙarar da zoɓo da kunun aya. Ɗayan wani Alhaji ne da Allah Ya buɗa wa, ya rushe tsohon gidansa ya tayar da bene hawa biyu na haya, da niyyar ya shimfiɗa sola a samansa kaf, masu haya su huta da janareto. Da gini ya kai sama, sai inuwarsa ta kwanta a kan rufin tela tun daga azahar har faɗuwar rana.

Tela ya ce mini, "Allah gafarta Malam, ba fili ya ci mini ba, ba katanga ya ture ba. Amma wallahi abincina ya tare."

Alhaji kuma ya ce, "Liman, a filina na yi gini, da takardata, da kuɗina. Rana kuwa ta Allah ce. Ni na ce ta bi ta bayan gidana?"

To kun ji. Kowannensu ya faɗi gaskiya, kuma gaskiyar ɗaya ba ta kashe ta ɗaya ba. Irin wannan shari'a ita ce mai wuya.

Kafin mu shiga hukunci, mu tuna yadda muka zo nan. Kefi ta yanzu ba Kefin da iyayenmu suka sauka da jakuna da buhunan kanwa ba ce. Tun da aka ƙirƙiri jihar Nasarawa a 1996, aka kuma buɗe jami'ar jiha a garin nan, ga asibitin tarayya, ga ma'aikatan Abuja da haya ta koro daga Nyanya da Mararraba da Masaka, ɗakin haya ya zama haja kamar shinkafa. Wanda ya zaga Unguwar Lambu ya san abin da nake nufi. Fili ya yi tsada, don haka gini ya daina faɗi ya koma tsawo.

Sai kuma wuta. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin mai. Litar da muke saye ƙasa da naira 200, kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. A watan Afrilu 2024 kuma aka mayar da yunit ɗin wuta naira 225 ga waɗanda ke rukunin farko. Ƙaramin janareton nan da 'yan Kudu suka raɗa wa suna "na fi maƙwabcina" ya koma ƙarƙashin gado. Ku dubi sunan ma kawai, ya isa wa'azi. Mutane suka ɗaga kai sama, suka ga abin da kullum yake nan ba mu kula ba. Ba mu kaɗai ba ne: an sa wa shagunan kasuwar Sabon Gari ta Kano sola, Jami'ar Bayero ta buɗe babbar tasharta a 2019, a nan jiharmu ma kamfanin Husk ya kafa ƙananan tashoshi shida a ƙauyukan Doma da Lafiya a 2021. Abin da a da muke shanya barkono da shi yau ya zama dukiya. Duk abin da ya zama dukiya kuwa, sai an yi rigima a kansa.

Da na koma gida na buɗe littattafan da muka karanta a gaban malamanmu, Allah Ya jiƙansu. Asalin babin duka shi ne hadisin da ya hana cuta da ramuwar cuta, wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, yaranmu na Islamiyya kuma suke haddacewa a Arba'una. A kansa malaman Malikiyya suka gina hukunce-hukuncen maƙwabtaka. Risala ta hana mutum buɗe tagar da za ta leƙa cikin gidan maƙwabcinsa. Muhtasar na Shehu Halilu ya ce a hana hayaƙin da ke damun maƙwabta, irin na gidan wanka, da wari irin na majema. Wannan kam ba sai an yi dogon bayani ba: janareton da aka jingina da tagar ɗakin wani, yana zuba masa hayaƙi da ƙara har asuba, ya shiga ciki dumu-dumu. Sau nawa muka ji an wayi gari iyali guda sun rasu a ɗaki saboda hayaƙin janareto? Ta wannan fuska Alhaji ya yi abin yabo, domin benen da ba janareto a cikinsa rahama ne ga layi gaba ɗaya.

Amma da na zo kan maganar tela, sai na ga abin da bai yi mini daɗi ba. Mashahurin zance a mazhabarmu shi ne ba a hana mutum ɗaga gininsa don kawai ya tare wa maƙwabci haske ko rana ko iska. A zahiri ke nan Alhaji ya ci shari'a. Sai dai Shehu Halilu ya ware abu ɗaya: masussuka. In mutum yana da masussukar da yake sheƙe hatsinsa, ba a barin wani ya yi ginin da zai tare mata iska da rana. Me ya sa? Domin gida amfaninsa zama ne, ko da inuwa za a zauna. Masussuka kuwa amfaninta duka iskar ce da ranar. In ka tare su, ba rage mata daɗi ka yi ba, kashe ta ka yi.

To jama'a, rufin tela gida ne ko masussuka? A zamanin da aka rubuta waɗannan littattafai, rana a kan rufi zafi ce kawai, wanda ya tare maka ita ma taimakonka ya yi. Yau rufin nan shi ne gonar mutumin. Masu aikin sola sun bayyana mini cewa allunan da aka jera a layi ɗaya kamar sahun jakuna ne da aka ɗaure da igiya guda: inuwa ta kama ɗaya, sauran duka su rage tafiya. A fahimtata dalilin da ya sa aka kare masussuka yana nan a rufin tela, musamman tunda allunansa sun riga benen zuwa. Ni ba mufti ba ne, ɗan kasuwa ne da ake tura wa gaba in liman ya yi tafiya. Ina miƙa wannan mas'ala ga manyan malamanmu na gari su duba ta, domin yau gida biyu ne, gobe layi ne sukutum.

Wani zai ce, "Malam, in aka bi taka ai ba wanda zai ƙara gina bene a Kefi. Duk mai allo biyu sai ya hana unguwa ci gaba." Maganar tana da nauyi, ban raina ta ba. Mutane na ƙaruwa, ƙasa ba ta ƙaruwa, ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci suna bukatar wurin sa haƙarƙari. Ban ce a hana bene ba. Abin da na ce shi ne wanda ya ci ribar tsawo ya ɗauki nauyin inuwarsa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Akwai abin da alƙali zai tilasta maka, akwai kuma abin da alƙali ba zai tambaye ka ba amma za a tambaye ka a inda ba lauya. Addinin da ya yi ta wasiyya da maƙwabci har aka zaci za a ba shi gado, ba zai ce maka takardar fili ta wanke ka ba.

Yanzu mu shiga cikin benen, don can ma akwai magana, har ta fi ta waje. Alhaji zai sayar wa masu haya wuta. Ya halatta? Na ji wasu matasa na cewa bai halatta ba, wai hadisi ya nuna mutane sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta, ga shi mu Hausawa da sunan wuta muke kiran lantarki. Hadisin yana nan, Abu Dawuda ya ruwaito shi. Amma malamai sun bambance ruwan kogi da ruwan da mutum ya ɗebo ya zuba a mazubinsa. Kogin Antau na kowa ne, amma ba wanda ya taɓa cewa ɗan garuwa haram yake ci. Ba ruwan yake sayarwa ba, wahalarsa da kurarsa da jarkokinsa ne. Haka rana ta kowa ce, amma wutar da ta shiga batir ta bi ta allo da inbata da waya waɗanda wani ya zuba kuɗinsa. Ya karɓi haƙƙinsa, halal ne.

Sai dai akwai bambanci guda da ya kamata mai gida ya ji tsoron Allah a kansa. In ɗan garuwa ya tsauwala, sai ka kira wani. Ɗan haya a hawa na ɗaya ba shi da rufi. Rufin na mai gida ne, ranar da ke sauka a kansa ta shiga hannun mutum ɗaya. Wanda ba shi da wata ƙofa sai taka, farashin da ka yanka masa ba ciniki ba ne, hukunci ne. Don haka nake ganin sharuɗɗa uku sun wajaba.

Na farko, a san abin da aka saya. "Akwai wuta awa 24" ba ma'auni ba ne, kuma cinikin abin da ba a san adadinsa ba shi ne garari da shari'a ta hana. Mu 'yan kasuwa mun san mudu. A sa wa kowane ɗaki mitarsa, ko a rubuta a takarda: ƙwai nawa, fanka nawa, firji ko babu, dutsen guga da wane lokaci.

Na biyu, a faɗi aibin kaya. A gaya wa ɗan haya tun kafin ya biya cewa a watan Agusta, in hadari ya kwana uku bai washe ba, wuta za ta ragu, haka in ƙurar hunturu ta rufe allo ba a wanke ba. A kuma faɗa wa zai sayi sabon batir in wannan ya mutu, domin zai mutu.

Na uku, kada wuta ta zama bulala. Na san gidan da aka yanke wa wata bazawara mai 'ya'ya wuta a tsakiyar zafin Maris saboda haya ta wuce da mako biyu. Bashi daban, azaba daban. A bi bashi ta hanyarsa, amma ƙwai ɗaya da fanka ɗaya kada a taɓa su.

Akwai kuma lissafin da na yi wa Alhaji a bayan takardar rasit, wanda nake so duk mai niyyar gini ya yi kafin ya haƙa tushe. Da tsakar rana in gari ya washe, murabba'in mita ɗaya na allo yana ba da wajen wat 200. A ce ka samu murabba'in mita 100 na rufi mai kyau, kilowat 20 ke nan. A ƙasarmu ana samun kamar awa 5 na rana mai ƙarfi, yunit 100 ke nan a takarda, in ka cire asarar zafi da ƙura da waya da batir, a ce 75 suka rage. Gida mai iyali 12, kowa ya tashi da yunit 6 da ɗoriya. In ka ƙara hawa suka zama 24, kowa ya koma 3. Kun ga inda gizo ke saƙar: ɗakuna na ƙaruwa, rufi ba ya ƙaruwa. Fanka in ta kwana tana juyawa ba ta cika cin yunit ɗaya ba. Na'urar sanyaya ɗaki kuwa, ƙaramar ma, a dare ɗaya za ta iya lashe rabon iyali guda. Ke nan a irin wannan gida, mai kunna ta ba kuɗinsa kaɗai yake ci ba, barcin na kusa da shi yake ci. Batir ɗaya ne, kamar akushi ɗaya ne. Wanda ya cika loma, wani zai kwana da yunwa.

Wannan lissafi ya kai ni ga abin da na fi so ku riƙe. Gidan da zai rayu da rana kaɗai ba a kan rufi ake fara shi ba, a jikin bango ake farawa. Mu da muka tashi a soro mun sani: katangar tubali mai kauri, rufin azara da ƙasa, tsakar gida da bishiya, ka shiga da azahar ka ji kamar an yayyafa ruwa. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, da ƙasa aka yi shi. Mu kuma muka koma bulo mai rami, kwano a kusa da ka, taga ɗaya kamar ta kurkuku tana kallon yamma, muka gina tanda, sannan muka shiga neman injin da zai fitar da mu daga zafin da muka saya da kuɗinmu. Ban ce mu koma jiya ba, na san damina a nan ta fi ta Katsina ƙarfi, ginin ƙasa yana son tushe mai tsawo da rufi mai baki. Amma ilimin bai mutu ba. A Yamai, wata 'yar Nijar mai zanen gine-gine, Mariam Issoufou, tare da abokan aikinta sun gina rukunin gidaje shida masu hawa a 2016, ana kiransa Niamey 2000, da bulon ƙasa da aka matse da inji, aka tsara su yadda iska za ta ratsa, kowane gida kuma da sirrinsa. A Dandaji ma cikin jihar Tawa sun gina masallaci da irin wannan bulo. Ba Turai ba ce, maƙwabtanmu ne, zafinsu ma ya fi namu.

Saboda haka mai gini ya sa doguwar fuskar gidansa ta kalli kudu da arewa, ya rage tagogi a yamma. Kowane ɗaki ya samu taga biyu da iska za ta shiga ta fita. A ɗaga silin, a fito da bakin rufi ya yi wa bango inuwa, a shafa farin fenti, a bar wa darbejiya ko mangwaro wuri. Injin rijiyar burtsatse ya yi aikinsa da rana ya cika tanki, domin tankin ruwa a sama shi ne batir mafi araha, ba ya kuma mutuwa. Guga da wanki a yi su da hantsi. Duk wannan a wurina ba fasaha kaɗai ba ce, tausayi ne. Mai gida zai gina sau ɗaya ya tafi, ɗan haya ne zai kwana a ciki shekara da shekaru. Wanda ya rage bulo goma don riba ya bar jaririn wani yana kuka da zafi, ya sani an rubuta.

Kada kuma mu ruɗi kanmu da cewa sola ba ta da datti. Tsohon batir mai ruwa dalma ce a cikinsa. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan masu haƙar zinariya. Amma ga shi muna barin yara 'yan gwangwan suna fasa batir da hannu a bayan gida, ruwan na bin kwata. Sabon batir mai ƙarko kuma da litiyom ake yin sa, dutsen da ake haƙowa a cikin jiharmu, har an buɗe masana'antar sarrafa shi a ƙaramar hukumar Nasarawa a 2024, kuma 'yan jarida sun nuna yara ƙanana suna aiki a ramukan da ba su da izini. Hasken ɗakinka yana iya zama duhun ɗan wani. Aƙalla abin da ke hannunmu mu yi: mataccen batir a mayar wa dilan da ke karɓa, kada a ba yaro. Sannan girki: muddin matanmu da gawayi suke dafa abinci, daji na ƙonewa a madadinmu, kada mu cika baki cewa gidanmu rana kaɗai yake ci.

Saura abu ɗaya. Wajen azahar, in batir ya cika, wutar da allo zai iya bayarwa tafiya take a banza. Shari'a ta hana mutum riƙe rarar ruwan da ba ya bukata alhali wani na bukata, kuma kowa ya san Sayyidina Usmanu ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa jama'ar Madina. Me zai hana mai bene ya sa wannan rara ta ɗago ruwa, ya fito da famfo ɗaya waje? Ko soket biyu a zaure don cajin waya? Sadaka ce da ba ta rage masa ko sisi.

Da wannan na koma wa mutanen nan biyu. Na ce wa Alhaji, "Ban ce ka rushe ko bulo ɗaya ba. Amma rufinka ya fi nasa samun rana, kuma da inuwarka ka karɓe tasa. Ka ba shi kusurwa ɗaya a sama ya kafa allunansa, a ja masa waya." Ya yi shiru, ya ce kuɗin waya fa? Tela ya ce zai biya rabi. Alhaji ya ce sai ya yi shawara da mai haɗa masa sola. Bayan kwana tara aka hau da allunan. Ban ce sun koma kamar da ba, gaisuwarsu har yau gajera ce, kuma maganar tagar hawa na biyu da ke kallon tsakar gidan tela tana nan ba a gama ba. Amma keke na aiki, zoɓo na ƙanƙara.

Roƙona ga masu unguwa da kwamitin masallaci shi ne mu zauna tun kafin irin wannan ta yawaita, mu amince cewa duk wanda zai tayar da bene ya fara sallama da na gabas da shi da na yamma da shi, a dubi inda inuwa za ta faɗa, a dubi inda taga za ta kalla, kafin tifa ta sauke yashi. Mu baƙi muka zo garin nan aka ba mu wuri. Bai kamata mu ne za mu hana juna rana ba.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuma nawa ne, wanda ya fi ni sani ya gyara mini. Allah Ya ba mu haƙurin zama da juna, Ya haskaka gidajenmu da ƙaburburan iyayenmu. Wassalamu alaikum.